Baƙin Zare a Gefen Riga

Kailani yana aji uku na sakandare aka gano yana da ciwon suga, irin wanda yake kama yara, wanda ba ya jin ƙwaya sai allurar insulin. Ya yi shekaru yana tsira wa kansa allura safe da yamma, har ya gama karatu ya fara koyar da lissafi. Daga baya ne yayarsa Saudatu, wadda take aikin jinya a Madina, ta aiko masa da wata 'yar na'ura da ake kira famfon insulin. Ba ta kai ƙaramar waya girma ba. Daga jikinta wani siririn tiyo na roba yake fita, ya tafi har fatar cikinsa, inda wata 'yar allurar roba take shiga a manne da filasta. Kullum na'urar tana ɗiga masa magani kaɗan-kaɗan, in zai ci abinci ya danna ya ƙara. Duk bayan kwana biyu ko uku sai ya cire allurar ya sake mata wuri, wani lokaci dama, wani lokaci hagu, don kada fatar ta yi tauri.

Na'urar ta sauƙaƙa masa rayuwa, amma tiyon ya zo da tasa fitinar. Ya maƙale a mariƙin ƙofa, ya maƙale a hannun kujera, yaran unguwa kuma suna binsa da kallo, don a duk layinsu na Tudun Wada ba wanda ya taɓa ganin mutum da igiya a ciki. Mahaifiyarsa Inna Kulu ce ta raba shi da wannan wahalar. Ba tela ba ce, amma allura ba ta rabuwa da gefen ɗankwalinta. Ta bi rigunan kaftaninsa ɗaya bayan ɗaya tana huda 'yar ƙofa a cikin aljihun gefe, ta daje bakinta don kada ta zare, yadda na'urar za ta zauna a aljihu, tiyon ya bi ta ciki ba mai ganinsa. Da baƙin zare take yi ko da rigar fara ce, wai don ya gane wurin da sauri. Da yake bahaguwa ce, ɗinkinta yakan karkata ta wani gefe daban da na kowa.

Inna Kulu ta rasu bara, farkon damina, bayan gajeriyar jinya. Gidan ya rage su uku: Kailani, da ƙanwarsa Bahijja da take karatu a kwalejin ilimi ta wajen Gyallesu, da mahaifinsu Malam Zulkiflu, tsohon malamin Larabci wanda yanar ido ta hana shi duba littafi. Yanzu wuni yake a zaure da carbi da rediyo. Ɗakin marigayiya kuwa an kulle shi tun bayan sadakar arba'in, makullin yana rataye a jikin ƙusa a ɗakin Malam.

A zangon karatu na biyu aka kawo sabon shugaba makarantar kuɗin da Kailani yake koyarwa a Kwangila. Dokarsa ta farko ita ce, daga Litinin zuwa Alhamis kowane malami namiji ya zo da shat da wando, ya yi zanzaro, ya ɗaura bel. Kaftani sai Juma'a. Kailani bai so ya je ofis ya buɗe cikinsa ya nemi a tausaya masa ba, sai ya shiga kasuwar Tudun Wada ya sayo shat-shat da wanduna.

A nan tsohuwar fitina ta dawo. In ya cusa rigar cikin wando, dole tiyon ya gangara har ƙasan rigar, ya juyo ya hau ta ƙarƙashin bel kafin ya kai ga na'urar. In ya matse bel ɗin, tiyon ya lanƙwashe, magani ya tsaya. In ya sassauta, wandon ya riƙa zamewa. Ya gwada fito da shi ta tsakanin maɓallai, sai ya yi ta lilo a gabansa, 'yan aji suna zunɗe suna cewa Malam na ɗaukar maganarsu a ɓoye. Wata rana yana tsakiyar rubutu a allo na'urar ta fara kuka, alamar hanya ta toshe, ya fita ban ɗaki ya kwance komai, ya gwada jininsa ya ga suga ya riga ya hau. Ranar nan da ciwon kai ya koma gida.

Sati bai zagayo ba, wata safiya ya ɗauko farar shat daga cikin kayan da mai wanki ya kawo. Yana warware ta yatsansa ya taɓa wani abu mai kauri a gefen dama, ɗan ƙasa da inda bel yake zama. Ya ɗaga ta wajen taga. Ƙofa ce ƙarama, daidai shigar tiyo, an daje bakinta tsaf da baƙin zare.

Ya daɗe a tsaye riƙe da rigar. Can ya ɗauki wandon da zai saka, ya zura hannu a aljihun dama, ya ji irinta a can ƙurya. Ya zura tiyon ta ƙofar rigar, ya bi da shi ta ƙofar aljihun, ya yi zanzaro, ya ɗaure bel yadda yake so. Ba abin da ya lanƙwashe, ba abin da ya leƙo. Wunin ranar bai ji ɗuriyar na'urar ba.

Da yamma ya sami Bahijja a tsakar gida ya yi mata godiya. Ta sauke kofin ruwan da take sha ta tambaye shi godiyar mece ce. Da ya nuna mata, sai ta yi dariya ta ce shi ma ya sani ko zare ba ta iya zurawa a allura ba, Inna ta yi faɗa har ta gaji. Amma da ta matso da rigar kusa da fuskarta, dariyar ta ɗauke. Ta miƙo masa, ta koma ta sake cika kofin a randa. Ta rame a 'yan watannin nan, kowa yana cewa rashin uwa ne da karatu.

Washegari ya biya wajen Muntaka mai wanki da guga a bakin layi. Muntaka ya rantse shi wanki da guga kawai ya sani, kuma yadda aka ba shi kaya haka yake mayarwa. Ya ƙara da cewa da ya ga an huda sabuwar riga ai shi da kansa zai fara zuwa ya ba da haƙuri.

Kailani ya koma ɗaki ya zaro tsohon kaftaninsa, ya juya aljihun, ya jera shi da shat ɗin a kan gado. Girman ƙofar ɗaya. Karkatar zaren ɗaya. Har ƙullin ƙarshe da ake ninkawa a cusa ta baya, duk ɗaya. Ya kai shat ɗin hancinsa, daidai inda aka datse zaren da haƙori, ya ji kamar ƙanshin kanumfari, wanda Inna ba ta rabuwa da taunawa. Ya gaya wa kansa zuciya ce kawai, ya ninke kayan ya ajiye.

Da lokacin sauya allura ya yi, ya mayar da ita hagu. A ban ɗaki ya yi, shi kaɗai, kuma ba wanda yake ganin cikinsa a gidan. Da safe ya ɗauko shuɗiyar shat, wadda ya tabbata jiya lafiyarta ƙalau. Ƙofar tana gefen hagu.

Haka abin ya ci gaba. Ba kullum ba, kuma ba a jere ba. Wani lokaci sai a yi kwanaki ba a taɓa komai ba, sai kuma ya tarar an yi wa riguna biyu. Ya fara kulle ɗakinsa in zai fita, amma kayan da ke kan igiyar shanya ko waɗanda Muntaka ya aiko aka ajiye a baranda, su ba su tsira ba. Abin da ya fi damunsa shi ne, bai san ko tsoro zai ji ko daɗi ba. Tun da aka fara, sugansa bai sake hawa a makaranta ba. Amma duk lokacin da zai gifta ta ƙofar ɗakin Inna sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya tsinci kansa yana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai gudun tashin wani daga barci. Ya so ya gaya wa Malam, sai ya ga tsohon ya isa da abin da yake ɗauke da shi. Ya so ya gaya wa Saudatu a waya, ya rasa ta inda zai fara. Shi da Bahijja kuwa ba su sake tada maganar ba, sai dai ya lura ta daina zama a tsakar gida ita kaɗai.

Ranar da abin ya fito fili, ranar Laraba ce a tsakiyar bazara. An aike shi daga makaranta ya kai takardun jarrabawa wani wuri, ya hau keke napep. Wajen sauka ya zaro na'urar daga aljihu don ya duba ta, tiyon ya sarƙe da ƙarfen gefe, mai keke kuma ya ja kafin ya gama sauke ƙafa. Ya ji zafi a cikinsa, allurar ta fita. Bai ɗauko wata ba, don haka ba shi da zaɓi sai ya tari acaɓa ya nufi gida.

Azahar ta gota lokacin da ya isa layinsu. Rana ta take, ba wuta, ba motsin fanka ko injin markaɗe, awaki sun lafe a gindin katanga. Zaure ba kowa, buzun Malam a shimfiɗe, carbinsa a kai, rediyo yana ta magana ƙasa-ƙasa. Ya yi sallama a tsakar gida ba a amsa ba. Bahijja tana makaranta, ya san wannan. Ya nufi ɗakinsa, sai ya ga ƙofar ɗakin Inna a buɗe kaɗan, kwaɗon yana rataye.

Daga ciki wani sauti yake fitowa, irin gunjin da mutum yake yi a maƙoshi bakinsa a rufe in aiki ya ɗauke masa hankali. Kailani ya san wannan sautin, da shi ya tashi. Ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya tura ƙofar da yatsa.

Malam Zulkiflu ne zaune a kan tabarmar Inna, a gindin taga. Ba zaman da ya saba yi ba ne na harɗe ƙafa. Ya miƙe ƙafafu biyu gaba, ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya sunkuyar da kai gefe, gwangwanin allurai a buɗe kusa da shi. Ba tabarau a idonsa. Mutumin da sai an kama hannunsa a nuna masa bakin kwano, mutumin da Kailani bai taɓa ganin ya ɗinke ko maɓalli ba, shi ne yake soka allura yana zarewa cikin sauri, ba kuskure. Kuma da hannun hagu yake yi.

"Maisuna, matsa ka tare mini haske."

Muryar Malam ce, amma jan maganar ba nasa ba ne. Kuma a duniya mutum ɗaya ne yake kiran Kailani da wannan suna, wato Inna, saboda sunan surukinta aka sa masa, ba ta iya faɗa. Ya matsa gefe, bayansa ya haɗu da bango. A nan ne ya lura abin da ke kan cinyar tsohon ba shat ɗinsa ba ce. Doguwar rigar Bahijja ce, ruwan toka, wadda take zuwa makaranta da ita. An huda ta a gefen ƙugu, dajiyar ta kusa haɗewa.

Ya ce, "Baba, wannan ai rigar Bahijja ce."

"Na sani," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Yarinyar nan ruwa take sha kamar yadda ka yi. Randa ba ta wuni. Duk gidan nan ba mai ido ne?"

Ya ninka ƙullin ƙarshe, ya cusa shi ta baya, ya kai zaren baki ya datse. Sai hannun ya sauka a hankali kan rigar, kansa ya langaɓe a ƙirji, numfashinsa ya koma na mai barci. Kailani bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Da ya durƙusa ya taɓa kafaɗarsa, Malam ya farka firgigit, ya lalubi tabarmar da hannun dama, ya tambaya wane ne, kuma wa ya kawo shi nan. Ya ce shi dai ya san ya idar da azahar a zaure, barci ya ɗan fizge shi. Da yatsansa ya taɓa allurar sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

Kailani ya kama shi ya mayar da shi zaure, ya ba shi ruwa. Sannan ya shiga ɗakinsa ya sa sabuwar allura. Bai koma makaranta ba. Ya zauna a baranda da na'urar gwajin jininsa a hannu, yana tuno abubuwan da ya gani bai kula ba: kofin da ba ya barin hannun Bahijja, yawan zagayawarta, zannuwan da suka yi mata yawa, yadda take dawowa ta zube a tabarma ta ce gajiya ce. Duk ya bi ta wannan hanyar yana yaro. Ya kamata a ce shi ya fara ganewa.

Bayan la'asar ta shigo, da ledar ruwa a bakinta. Ya ce ta wanke hannu ta kawo yatsa. Ta yi masa kallon mamaki, ta ce lafiyarta ƙalau, amma da ta ga fuskarsa sai ta miƙo. Na'urar ta yi ɗan jim, ta ƙi nuna lamba, ta nuna alamar da take nunawa in suga ya wuce abin da take iya aunawa. Ya sake gwadawa a ɗaya hannun, haka ta sake nunawa. Kafin magariba suna asibitin Shika.

An kwantar da ita, aka ɗaura mata ruwa da insulin. Likitar da ta duba ta ta ce da an ƙara 'yan kwanaki, da a sume za a kawo ta. Ta tambayi Kailani yadda aka yi ya yi tunanin gwada ta. Ya yi niyyar cewa shi ma yana da ciwon ne kawai, sai ya tsinci kansa yana ba ta labarin duka. Ta saurara ba ta katse shi ba. Ta ce tsufa da baƙin ciki suna sa mutum ya yi abu cikin barci bai sani ba, kuma wanda ya zauna da mace shekara da shekaru yana kallon hannunta zai iya ɗaukar abin da shi kansa bai san ya ɗauka ba. Ta ce mai raunin gani kunnensa kaifi gare shi, ba mamaki yana jin buɗe randa da rufe ta. Kailani ya tambaye ta to yaya aka yi yake sanin gefen da allurar take. Ta ce a kawo tsohon a duba shi.

An kai shi, ba a sami wani abin kirki ba bayan hawan jini kaɗan. Da Bahijja ta dawo gida, Kailani ya zauna da Malam a zaure ya gaya masa komai, a hankali, yana tsoron yadda zai ɗauka. Malam ya daɗe yana jan carbi. Ya ce mamaci ba ya dawowa, wannan ba ya shakka a kai, kuma kada wanda ya fita da maganar waje. Ya ce Allah yana isar da rahamarsa ta hanyar da ya so, ba dole sai bawa ya gane ba. Sannan ya sa aka kira liman da maƙwabta biyu aka yi wa marigayiya addu'a, aka raba waina. Da baƙin suka watse, ya riƙo hannun Kailani ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Kwanakin nan in na farka, yatsun hagun nan ciwo suke mini. Ban gaya wa kowa ba."

Daga ranar bai sake shiga ɗakin ba, ba a kuma sake taɓa rigar kowa ba. Sababbin kayan da Kailani ya saya daga baya, wani tela a bakin kasuwa ya kai wa, ya nuna masa wurin da alli, aka yi masa da keken ɗinki.

Bahijja ta fara da allurar hannu, kamar yadda Kailani ya fara. Ta yi kuka a farko, ta saba daga baya, jikinta ya dawo. Shekara ta zagayo Saudatu ta zo hutu da famfo na biyu a jakarta, ita da kanta ta shiga ɗaki da ƙanwar tata, ta duba fatar cikinta, ta zaɓi wurin da ya dace ta manna mata allurar farko. Saudatu ba ta san labarin rigar ba, don sun bi umarnin Malam.

Da yamma Kailani ya sami Bahijja tana haɗa kayan da za ta kai wa tela ya huda mata. Rigar ruwan tokar ba ta ciki, tana can ƙasan akwati tun ranar da aka sallamo ta, ba ta saka ba, ba ta kuma bayar ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya maganar, can ya tambaye ta ko ta gwada rigar, ko ƙofar ta zo daidai da inda Yaya Saudatu ta sa allurar.

Ta ɗaure bakin ledar, ta ce ba ta gwada ba, kuma ba za ta gwada ba. Ta roƙe shi don Allah kada ya sake tambayarta. Ya ce to, ya karɓi ledar ya raka ta wajen telan.